"Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi": ni ko Yaya?

Maman Haidar, Bolari: Salamu alaikum, ku raba mana gardama. Tunda aka yi wa gwaggonmu aikin sankarar mama, na ɗauki fita bayan asuba, in zaga unguwa na rabin awa. Jiya Yaya ta ce, "Matar aure da yawon safe kamar mai tallan koko?" Na ce mata zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Wai ban iya Hausa ba, maganar ta fatake ce da 'yan cirani, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ko gaisuwata ba ta amsa ba yau.

Ɗan Kumo: Yayarki ta fi ki gaskiya. Babanmu ba ya faɗin haka sai in ya ɗaura kaya zai tafi kudu.

Nas Jekadafari: To kifin fatauci ya tafi? Motsi yake don kada koma ta same shi. Maman Haidar, kar ki fasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a mako, rabin awarki sau biyar ke nan. Bayan al'ada ta ɗauke, kitsen jiki ne ke samar da sinadarin mata da ke ciyar da yawancin irin wannan ciwon, shi ya sa ƙiba ba ado ba ce. Giya ma tana ƙara haɗari, shayarwa kuma tana ragewa.

Baban Ummi: Ai shekara biyu cur tana cikin Baƙara, aya ta 233, tun kafin Turawa su gano.

Hajjo Deba: Kun tuna min da Inna, kakata. 'Ya'ya tara, babu wanda ta yaye bai cika shekara biyu ba. Kafin rana ta fito ta surfa gero, ta wanke, ta shanya, ta je rijiya sau huɗu da tulu. In tana daka sai ta jefa taɓarya sama ta tafa ta cafe, mu muna ƙirgawa. Da aka kawo injin niƙa ta rantse ba za ta ci tuwon garinsa ba, wai ƙarfe yake wari. Ta riƙe rantsuwar nan har wata takwas, sai da ta ga kishiyarta na barcin hantsi, sannan ta ba ni ƙwarya a ɓoye ta ce in bi ta bayan gida, kada kowa ya gani. Ni yanzu ko ruwan sanyi yaro nake aika ya ɗauko min daga firji.

Uwar Biyu: Hajjo, tawa kakar ma haka ta yi, ciwon kuma bai bar ta ba. Shekara guda ana shafe-shafe, wai daji ba ya son allura. Da aka kai ta asibiti ya riga ya ci jiki.

Nas Jekadafari: Allah Ya jiƙanta. Ragewa na ce, ban ce hanawa ba. Duk wadda ta ji ƙullutu, ko kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini, kar ta kwana da shi.

Mai Shayin Tashan Dukku: Ni dai waɗanda suka fi kowa riƙo da karin maganar nan su honarabul ne. Kowane zaɓe sabuwar jam'iyya.

Ɗan Kumo: Ai su ba koma suke gudu ba, tsutsar fatsa suke bi.

Baban Ummi: Namu tunda ya ci zaɓe yake zaune wuri ɗaya a Abuja, tsautsayin kuma mu yake samu.

Maman Haidar, Bolari: Jama'a, me zan ce wa Yaya?

Hajjo Deba: Ki tashe ta gobe ku fita tare. Wai ni, akwai mai zuwa Dadin Kowa Asabar? Tarwaɗa nake so.