Neman kalmar Hausa: me za mu kira "hiking" a rahoton 'yan matan Pakistan?

Maman Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Gobe da ƙarfe huɗu na yamma za a naɗi shirin mata, kuma ina fassara wani rahoto kan 'yan matan Pakistan da ke haɗa ayari su ya su, su fita "hiking" ba tare da iyayensu ba. Na fara sa "hawan dutse", sai na ga rahoton yana bambanta su da irin su Samina Baig, wadda ta hau tsaunin Everest a 2013, ta kuma hau tsaunin K2 a 2022. In na kira duka hawan dutse, bambancin ya ɓace. An ba ni shawarar "yawon duwatsu", amma zuciyata ba ta kwanta da shi ba. A taimaka kafin dare.

Ɗan Kufena:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki cire "yawo" tun yanzu. Da zarar kin ce 'yan mata suna yawon duwatsu ba tare da iyayensu ba, mai sauraro ya gama yanke hukunci kafin ki kai ƙarshen jimla. Mun san abin da ake nufi in an ce yarinya ta cika yawo.

Abubuwa uku ne a can, kuma kowanne da kayansa. Na farko shi ne na yini ɗaya, kamar na tsaunukan Margalla da ke bayan Islamabad. Wurin gandun da gwamnati ta keɓe ne tun 1980, kuma hanyoyin cikinsa lamba gare su, an fi bin ta 3 da ta 5. A fita bayan asuba, a yi awa biyu zuwa uku ana hawa, a sauko kafin rana ta take. Ruwa da takalmi mai kama ƙasa sun wadatar. Na biyu shi ne na kwanaki, kamar zuwa gindin K2: daga garin Skardu a shiga jif zuwa ƙauyen Askole, daga nan a bi kan ƙanƙarar Baltoro a ƙafa, kusan mako biyu zuwa da dawowa, da jagora da 'yan dako da tantuna. Na uku shi ne na su Samina Baig da Naila Kiani: igiya, gatarin ƙanƙara, ƙarafa masu haƙora da ake ɗaura wa takalmi, ana neman ƙololuwa. K2 mita 8,611 ne. Wannan na ukun kaɗai ya cancanci "hawan tsauni". Na farko da na biyu ni "tattakin tsauni" zan ce.

Auta:
Yaya, "tattakin tsauni" ya yi tsawo ga rediyo. Ga kalma ɗaya tilo: tsaunaki. Tsauni da tattaki a haɗe. "Sun tafi tsaunaki." "'Yan tsaunaki." Ku furta ku ji yadda take zama a baki.

Anti Likita:
Ina tare da tattaki. Amma Maman Hanan, akwai inda ya fi kalmar haɗari, wato "ba tare da iyayensu ba". Tafiya ba tare da iyaye ba daban, tafiya ba da izinin iyaye ba daban, tafiya ba muharrami kuma magana ce ta uku da malamai ke da bayani a kanta. Ki duba wanne rahoton ya faɗa, kada ki ƙara masa. In ayarin mata ne zalla, "su ya su" ta fi "su kaɗai", domin "su kaɗai" na sa a hango yarinya ɗaya a daji.

Sani Mai Taswira:
Ni fa ban ga abin wahala ba. Su kansu masu Urdu "haikin" suke cewa a bakin yau da kullum, "koh paimai" kuma suka bar wa hawan manyan tsaunuka. Mun ari kwamfuta, mun ari intanet, me zai hana mu ce haikin?

Malam Bakatsine:
Ɗana, abin da zai hana shi ne kwamfuta ba mu da ita aka kawo mana, tafiya a ƙafa kuwa ba wanda ya koya mana. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja saro goro da ƙafa suka je. Alhazan da suka ratsa Chadi da Sudan zuwa Makka da ƙafa suka je, wasu shekaru suka yi a hanya. Harshen da ya ɗauki wannan duka ba zai rasa sunan tafiyar awa uku ba. Wannan saurin aro shi ke cin Hausa a gidajen rediyo.

"Tsaunaki" kuma ba ginin Hausa ba ne. Ba ma yanke kan wata kalma mu manna wa wutsiyar wata. Mu aikatau muke haɗawa da suna: dafa-duka, hana-salla, taka-tsantsan. In dole sai an ƙirƙira, to "taka-tsauni" ta bi ƙa'ida. Amma muna da tsohuwar kalma da ta dace: kilisa. Fita ce don motsa jiki da shan iska, ba don fatauci ko ziyara ba. A ce "kilisar ƙafa".

Auta:
Baba, da girmamawa, kowace kalma wani ne ya fara furta ta. In manyan tashoshi suka faɗi tsaunaki sau goma, ta zauna. Don matashi ne ya kawo ta shi ya sa ake ƙi.

Badamagare:
Ba don kai matashi ne ba, ƙanena. Ka rufe ido ka ji ta daga rediyo mai shuu: "sun tafi tsaunaki", "sun tafi tsaunuka". Kunne ba zai raba su ba. Malam Sani kuma, ka tuna shirin ba a Kano kaɗai ake jin sa ba. A Damagaram da Maraɗi wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, "randone" ya sani daga Faransanci, "haikin" ba ta gaya masa komai. Duk lokacin da kuka ari kalma daga Ingilishi, mu kuka bari a baya, kuma an daɗe ana yi mana haka kamar Hausar ta tsaya a Jibiya.

Sani Mai Taswira:
Ai ku ma kuna cewa lakwal da lokotoro ba ku tambaye mu ba.

Badamagare:
Muna faɗa a gida. Ba mu taɓa cewa ita ce daidaitacciya ba.

Malam Bakatsine:
Wannan ita ce maganar. Wanda ya riƙe makirifo ya ɗauka Hausar unguwarsu ce ta kowa.

Maman Hanan:
Don Allah Malam, don Allah 'yan uwa, a dawo kan kalmar. Magariba ta yi ban gama shafi na biyu ba.

Ɗan Kufena:
To mu gwada kowace kalma a kan hanya ta gaske, mu ga wadda za ta ɗauka. Ga Fairy Meadows, wadda ayarin 'yan mata da ɗalibai ke yawan zuwa. Daga Islamabad a bi babbar hanyar Karakoram, tafiyar awa goma sha biyu ko fiye, zuwa gadar Raikot. Nan motar da ta kawo ku ke tsayawa, domin direbobin yankin ne kaɗai ke tuƙa jif a siririyar hanyar da aka sassaƙa a jikin dutse zuwa ƙauyen Tato. Daga Tato sai ƙafa, kimanin kilomita 5, awa biyu zuwa uku ana hawa, har a fito fili mai ciyawa a tsayin mita 3,300, ga tsaunin Nanga Parbat mai mita 8,126 tsaye a gabanka fari fat. Masu ƙarfi washegari su ƙarasa sansanin Beyal.

Malam, wannan ba kilisa ba ce. Kilisa ta doki ce da la'asar, a zaga a dawo gida. Za ta iya ɗaukar safiyar Margalla, ba za ta ɗauki Tato ba, balle Baltoro. "Balaguro" kuma ba ta faɗin cewa a ƙafa ake yi. Tattaki ce kaɗai ke ɗauke da ƙafa, da niyya, da wurin da aka nufa. In an ce mutum ya yi tattaki ya zo, girmama shi aka yi.

Malam Bakatsine:
Tattaki ta riga ta ɗauki kaya. Tun 2015 da wani ya tako daga Legas zuwa Abuja don murnar zaɓe, ga kuma masu tattakin Arba'in zuwa Zariya, mai sauraro zai zaci siyasa ce ko ibada.

Ɗan Kufena:
In ta zo tsirara, haka ne. Da an jingina mata "tsauni", zaton ya kau.

Anti Likita:
Bari in ƙara abin da zai sa ku ga dalilin da kalmar ke bukatar nauyi, kuma Maman Hanan za ta haɗu da waɗannan a rahoton. Ciwon da ke kama mutum a sama ni "ciwon tsauni" nake kiran sa. Yana farawa daga wajen mita 2,500: ciwon kai, tashin zuciya, jiri, rashin barci, abinci ya fita a rai. Dalilinsa iskar oksijin da ke shiga jini ta ragu, jiki bai samu lokacin sabawa ba. Ƙa'idar ita ce in an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma a huta yini guda bayan kowane kwana uku ko huɗu. Hanyar Fairy Meadows tana karya wannan ƙa'ida, domin a yini ɗaya ake tashi daga kwarin kogin Indus a kwana a 3,300. Shi ya sa daren farko ke wahalar da mutane. Wadda ta fara tangaɗi kamar mai maye, ko numfashinta ya ƙi daidaita alhali tana zaune, ko tari ya zo da kumfa, a sauko da ita nan take ko da tsakar dare ne. Ba a jiran gari ya waye.

Sai tufafi. Shalwar kamis, wato riga da wandon mutanen Pakistan, na auduga yana shan gumi ya riƙe, da an tsaya hutawa iska ta buga sai sanyi ya shiga ƙashi, domin kowace mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6. Riga uku ake jerawa: ta ciki mai saurin bushewa, ta tsakiya mai ɗumi, ta waje mai tare iska da ruwa. Dogon mayafi a cusa bakinsa cikin riga, kada ya sarƙe a ƙaya ko duwatsu a hanyar da gefenta rami ne. Takalmi kada ya zama sabo fil, a yi mako biyu ana takawa da shi a gida, kuma ya ɗan fi ƙafa, in ba haka ba a gangara yatsu za su riƙa dukan gaba har farce ya yi baƙi ya fita. Safar ulu, ba ta auduga ba, saboda bororo. Ruwa lita uku zuwa huɗu a yini, a tafasa na rafi. Jaka kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ɗaukarta. Audugar mata a zo da isasshiya da ledar mayar da wadda aka yi amfani da ita, ba shago a sama.

Wanda ya yi wannan shiri duka, zalunci ne a ce yawo ya fita.

Sani Mai Taswira:
Na sauka daga haikin, hujjar Badamagare ta kama ni. Hajiya, ki kuma yi wa iyayen adalci a fassarar. Rahotannin irin wannan kan kawo "log kya kahenge", wato "me mutane za su ce", kuma wannan kin san yadda za ki faɗe ta da Hausa ba sai an koya miki ba. Amma tsoronsu bai tsaya ga bakin mutane ba. A Yuni 2013 'yan bindiga sun kashe mutum 11 a sansanin Nanga Parbat ta ɓangaren Diamir. A Janairu 2022 sama da mutum 20 suka rasu cikin motocinsu a Murree da dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Daminar Yuli da Agusta na zaftaro ƙasa ta toshe hanyar Karakoram, mashigar Babusar mai mita 4,173 kuma rufe take duk lokacin sanyi. Waya ma matsala ce: a wurare da yawa na Gilgit-Baltistan, yankin da waɗannan manyan tsaunuka suke, layin SCOM ne ya fi kamawa, wasu wuraren ba layi sam. Ayarin da ya san aikinsa yana bar wa gida jadawalin kwanaki, da lambar jagora, da ranakun da za a ji shiru, don kada uwa ta kira sau ashirin ta ɗauka wani abu ya faru. Kowace ta riƙe katin shaidarta saboda shingayen bincike.

Auta:
Duk wannan bayani ai tsaunaki yake bayyanawa. Ko sau ɗaya a saka ta a shirin a ji me masu sauraro za su ce.

Maman Hanan:
Auta, ba zan gwada sabuwar kalma a kan mutuncin 'ya'yan mutane ba. Ga yadda na rubuta: "'Yan mata a Pakistan na haɗa ayari su ya su, suna fita tattakin tsauni ba tare da rakiyar iyayensu ba." Na kwanaki na sa "dogon tattakin tsauni". "Hawan tsauni" na bar wa su Samina Baig. "Ciwon tsauni" na ɗauka, Anti, na gode. Saura sunan masu yi.

Badamagare:
"Masu tattakin tsauni." Su Samina kuma "mahaya tsauni".

Malam Bakatsine:
Mahayi na doki ne. "Masu hawan tsauni" ta isa. Tattakin kuma ban gamsu ba, har yanzu ina jin ƙurar kwalta a jikinta, amma ta fi aro, kuma "rakiya" da kika ƙara ta gyara jimlar. Ki tafi da ita gobe. Ta Margalla dai kilisa ce, a nan ban janye ba.

Auta:
Ni dai zan ci gaba da rubuta tsaunaki a shafina.

Ɗan Kufena:
Hajiya, abu ɗaya kafin ki shiga ɗakin naɗi: in kin zo kan Everest ki ce a kan iyakar Nepal da Sin yake, kada mai sauraro ya ɗauka a Pakistan ne. Nanga Parbat shi ne nasu, K2 kuma a kan iyakarsu da Sin yake.