Ƙarfi ya ragu a shekara 46: basir ne ko me?

Baban 'yan biyu: Salamu alaikum 'yan zaure. Da kunya nake wannan tambaya. Wata takwas ke nan gabana ba ya miƙewa yadda ya saba, in ma ya tashi sai ya kwanta tun ba a je ko'ina ba. An ce basir ne, na shanye jarka uku ta tsimi, shiru. Uwargida har ta fara zargin ƙarin aure nake nema.

Kawu: Wa alaikumus salam. Ɗana, a ajiye jarkar nan tukuna. A ƙasar nan ko ciwon kai ka yi sai a ce basir ne ko sanyi.

Malamin asibiti: Yaya, amsa mini ɗaya: da asuba kana farkawa ka tarar da shi a miƙe? In haka ne, kuma abin farat ɗaya ya zo, galibi damuwa ce, bashi, gajiya, ko fargabar kada a sake jin kunya. In kuwa a hankali ya riƙa ja baya har na asubar ya ɗauke, sai a duba jini. Jijiyoyin jinin gaba sun fi na zuciya siranta, su ke fara toshewa, don haka wani lokaci wannan ne gargaɗin farko, shekaru kafin ciwon zuciya ya bayyana. A auna maka hawan jini, suga, kitsen jini, da sinadarin maza, testosteron. Shi wannan da safe ake ɗibarsa, kafin ƙarfe 10, don da yamma sauka yake yi. Duk maganin da kake sha ka kai wa likita kwalinsa, wasu na hawan jini da na damuwa suna taɓa wajen.

Direba: Ni tiramol ne ya yi mini haka. Don maganin saurin kawowa na fara, daga baya ko sha'awar babu. Sai da na daina da taimakon likita.

Mai kemis: Kullum sai an zo mini da raɗa, "ba ni shuɗiyar nan". Viagra tun 1998 take kasuwa, tana aiki, amma mai shan maganin ciwon ƙirji irin wanda ake sawa ƙarƙashin harshe kada ya kusance ta, jini zai faɗi warwas. Wasu masu haɗin gargajiya ma ita suke dakawa a ciki, ba ka san adadin ba. Kuma in ya miƙe ya wuce awa 4 bai kwanta ba, asibiti kai tsaye.

Kawu: Ka kuma zauna da maiɗakinka ka gaya mata gaskiya. Shirun naka ne ya haifi zargin.

Baban 'yan biyu: Na asubar ya jima da ɗaukewa. Kuma sau uku nake tashi fitsari da dare, mahaifinmu ma suga ne ya kwantar da shi. Gobe in sha Allah zan je.

Malamin asibiti: To kada ka karya kafin ka fita, ko shayi. Ruwa kawai.