Tarakta ba ta tashi da asuba tun shigowar hunturu

Manomin_Rani: Assalamu alaikum. Massey Ferguson 375 ce. Da rana kik ɗaya take tashi, amma da asuba sai a yi ta fama, farin hayaƙi na fita, inji ya ƙi kamawa. Nozul ne ko batir?

Bakanike_Jos: Wa alaikumus salam, Malam. Farin hayaƙin nan ya nuna mai yana isa silinda, ƙonewa ne bai yi ba. Injin dizal ba shi da fulogi; fistin ne ke matse iska har ta yi zafin da zai kunna mai, ƙarfe mai sanyi kuwa shanye zafin yake yi. Shi ya sa injin Perkins da ke cikin taraktarka ke da hita a bututun shigar iska. Murɗa makulli zuwa wurin hita, riƙe daƙiƙa 15 zuwa 20, taka kuloc, buɗe totur, sannan ka buga kik. Ka taɓa bututun kusa da hitar: in bai yi ɗumi ba, ko ta ƙone, ko wayarta ta tsinke, ko siririn bututun da ke kai mata mai ya toshe. Taraktoci da yawa an cire musu wayar tun tuni, ba wanda ya lura sai sanyi ya zo.

Mai_Batir: A auna batir kafin a taɓa nozul. Cikakke yana nuna volt 12.6 a mita. In ya faɗi ƙasa da 9.6 lokacin kik, ya gaji. Sanyi na rage masa ƙarfi daidai lokacin da baƙin mai ya yi kauri, inji ya juya a hankali, zafi ya tsere. A kankare kawunan batir da wayar da ke ɗaure a jikin inji. Wanda ke zuba baƙin mai SAE 40 ya koma 15W-40. Kada kik ya wuce daƙiƙa 15, a huta minti ɗaya.

Manomin_Rani: Direba ya ce a ɗiga fetur a matatar iska. Ya kuka gani?

Bakanike_Jos: Kul! Fetur ya haɗu da hita mai zafi, wuta ce a bututu, kuma yana kamawa da wuri ya buga fistin, ringi ya karye. Matatar dai a kakkaɓe ta, ƙurar hunturu ba ta jimawa take toshe ta. A tsiyaye ruwan da ke kwanciya a gindin filtar mai. Daskarewar dizal kuwa sai sanyi ya kusa digiri 0 a ma'aunin Celsius, ba kasafai muke ganinta ba. In duk an gyara hayaƙin bai daina ba, a saita bawul a 0.30 milimita inji na sanyi, sannan a kai nozul gwaji, a auna matsin silinda. In da asuba babu hayaƙi sam, iska ce ta shiga layin mai cikin dare: sassauta kusar kan filta, buga famfon hannu har kumfa ta ƙare.