Wace kalma za mu ba "supermoon" da Hausa?

Jama'a, ina neman shawararku kan wannan kalma, domin duk lokacin da ta taso a labarai sai in ga an fassara ta da "babban wata" ko "gagarumin wata", kuma ni dai babu wadda ta kwanta mini a rai.

Hanyar da wata yake bi wajen kewaya duniya ba da'ira ce sosai ba, tana da ɗan tsawo kamar ƙwai, saboda haka wani lokaci yakan matso har kusan kilomita 357,000, wani lokaci kuma ya yi nisa har ya haura kilomita 405,000. Idan daren cikarsa ya dace da lokacin da ya fi matsowa, faɗinsa a ido yakan ƙaru da har kashi 14 cikin ɗari, haskensa kuma da har kashi 30, idan aka kwatanta da cikar da ta zo yana can nesa. Wannan shi ake kira "supermoon". Na ranar 14 ga Nuwamba, 2016 shi ne mafi kusa tun 1948, kuma ba za a sake ganin wanda ya kai shi ba sai 2034.

Asalin kalmar ma ba daga masana falaki ta fito ba. Richard Nolle, wani Ba'amurke mai duban taurari, shi ya ƙirƙiro ta a 1979, kuma masu wannan sana'a sun sha danganta ta da girgizar ƙasa da bala'o'i, abin da bincike bai tabbatar ba. Abin da aka sani shi ne tunbatsar teku takan ɗan ƙaru.

To, matsalar "babban wata" ita ce a Hausa wata yana nufin na sama, yana kuma nufin na lissafin kwanaki, don haka mai sauraro zai iya ɗauka ana maganar wani wata mai alfarma ne. "Gagarumin wata" kuwa zuzutawa ce, domin mafi yawan mutane ba za su gane bambancin da ido ba sai an gaya musu, kuma girman da ake gani lokacin da wata yake fitowa daga gabas ruɗin ido ne da ke faruwa a kowace cika.

Ni abin da na fi karkata a kai shi ne "cikar kusa", domin ya ambaci dalilin abin, kuma ya ba mu kishiyarsa a sauƙaƙe, wato "cikar nesa". Na san Nolle ya haɗa har da sabon wata, wato lokacin da wata ya ɓace kafin ya tsaya, a ma'anarsa, amma wannan ba ganinsa ake yi ba, 'yan jarida ma ba shi suke nufi ba.

Malamai masana harshe, shin kunnenku ya karɓi "yau daren cikar kusa ne", ko sai an ce "cikar wata ta kusa" kafin a fahimta?