Za mu je Malaga da iyali, me za mu gani kuma me za mu ci?

Abu Hanan:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka san garin Malaga na ƙasar Sifaniya. In Allah ya yarda a watan Yuli za mu je hutu ni da maiɗakina da yara biyu da kuma Hajiyarmu da ta zo mana ziyara, ita ce ma ta matsa wai tana so ta ga ƙasar Andalus ɗin nan da take ji a bakin malamai. To matsalar ita ce Hajiya tana fama da ciwon gwiwa ba ta iya doguwar tafiya, kuma kwanakin namu ba su kai mako ba. Wane wuri ne bai kamata ya wuce mu ba? Ya batun abinci, don na ji mutanen can ba sa wasa da naman alade? Akwai masallacin Juma'a a garin? Wani abokina kuma ya ce ba komai a Malaga sai bakin teku, gara mu wuce Granada kai tsaye.

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam Abu Hanan, Allah ya kawo ku lafiya, a gaida Hajiya. Ni a nan nake zaune kuma gaskiya abokin nan naka bai yi wa garin adalci ba. In dai Andalus Hajiya take son gani to ku fara da Alcazaba, wato ganuwa da fadar sarakunan Musulmi da ke tsakiyar gari, ginin ƙarni na 11 ne, kuma har yau ƙofofinta na nan da lambuna da 'yan magudanan ruwa da ke bi ta tsakiyar daɓe, in ka zauna a inuwa sai ka ji ruwan yana gudu ta gefen ƙafarka. Garin ya zauna a hannun Musulmi har 1487 kafin sarki Fernando da sarauniya Isabel su ci shi da yaƙi bayan sun yi masa ƙawanya ta watanni.

Saboda gwiwar Hajiya kar ku shiga ta babbar ƙofa don hawa ne, akwai lifta ta bayan ginin hukumar gari wadda za ta kai ku har sama, sai ku riƙa gangarowa a hankali. Ranar Lahadi daga ƙarfe biyu na rana shiga kyauta ne amma fa akwai cunkoso ga rana, ni dai da safe zan ce ku je ku biya kuɗinku, ba shi da tsada. A gindin ganuwar akwai filin wasan kwaikwayo na Rumawa, wanda aka gano a 1951, daga bakin titi ma ana ganinsa.

Can saman dutsen kuma akwai wata ganuwa mai suna Gibralfaro wadda sarki Yusuf na ɗaya na Granada ya ƙarfafa a ƙarni na 14. Wallahi kar ku gwada hawa da ƙafa, matasa ma haki suke yi, ku hau bas mai lamba 35 ko tasi. Daga can za ku ga gari gaba ɗaya da tashar jiragen ruwa da filin wasan bijimai, ku je da yamma in rana ta yi sanyi.

Sai kasuwar Atarazanas, ƙofarta ta marmara tun zamanin Musulmi ce, da can wurin ƙera jiragen ruwa ne lokacin da teku ke zuwa har wurin. Da safe take ci, ba a buɗewa Lahadi. Babban cocin garin ma da za ku gani da hasumiya ɗaya don ba a ƙarasa ta biyun ba, a gurbin babban masallacin garin aka gina shi.

Masallaci akwai, babba ma, ana ce masa masallacin al-Andalus, ana Juma'a kuma akwai ɓangaren mata. Sai dai ku lura da lokaci, a Yuli magariba tana kaiwa wajen tara da rabi na dare.

Maman Ilham:
Baban Hanan ni dai batun abinci zan yi magana don shi ne ya fi ba ni wahala da farko. Kifi ne mafita, kuma Alhamdulillah garin kifi ne. Ku je unguwar Pedregalejo ko El Palo a gabashin gari ku ci abin da suke kira espeto, sardin ne ɗanye ake tsirewa a jikin kara ko ƙarfe kamar dai tsiren gida, sai a kafa shi a gefen wutar itace a cikin wani ɗan kwalekwale da aka cika da yashi, ba a sa masa komai sai gishiri mai tsakuwa, kina tsaye kina kallo fatar tana tsatstsafo da mai har ya gasu. Da hannu ake ci a matsa lemon tsami. Kun ma yi sa'a don daga Mayu zuwa Agusta ne sardin ya fi ƙiba. Ni yajina nake zuwa da shi a jaka don abincinsu ba yaji ko kaɗan, ku ƙulla wa Hajiya nata tun daga gida.

Akwai kuma boquerones, 'yan ƙananan kifi soyayyu, yara suna son su sosai. Akwai soyayyen gauta irin dogon nan da ake zuba wa zumar rake, da ajoblanco wata miya mai sanyi ta almon da tafarnuwa da man zaitun ana sa mata inabi, a zafin nan tana da daɗi ba kaɗan ba.

Inda za ku yi hattara shi ne abin da ba a ganin naman da ido. Ku haddace kalmomin nan: cerdo, jamón, chorizo da manteca, ukun farko alade ne da namansa da aka sarrafa, ta ƙarshen nan kitsen alade ne kuma suna sa shi a biskit da kayan fulawa da yawa musamman mantecados da polvorones, don haka ko a shago ku karanta bayan leda. Wata miyar tumatir mai kauri porra ita ma sukan barbaɗa mata jamón a sama ko ba ka ce ba, sanwicin garin da ake kira campero shi ma haka, sai ka tambaya tukuna. In kuna son nama akwai mahautan Maroko da gidajen abincinsu, ga gidajen shayi na na'a-na'a a lungunan kusa da gidan tarihin Picasso mai zanen hotuna, shi ma ɗan garin ne an haife shi a 1881.

Kuma ku sani ba sa cin abincin rana sai biyu zuwa huɗu, na dare kuwa sai takwas da rabi ko tara, in kuka je ƙarfe shida za ku tarar da kicin a rufe a wurare da yawa. Batun bakin teku kuma gaskiya shigar mutane ba za ta yi wa Hajiya daɗi ba, mu da sassafe muke kai yara su yi wasa mu dawo kafin a cika.

Malam Na Ƙofar Mata:
Duk abin da suka faɗa haka ne, amma ni ban ga yadda za a kai dattijuwa har Andalus a dawo da ita ba ta ga Alhambra, fadar sarakunan Musulmi da ke Granada, ko masallacin Ƙurɗuba ba, garin su Imam Ƙurɗubi mai tafsiri. Abdurrahman na ɗaya ya fara gina masallacin a 785, kuma jirgin ƙasa mai gudu awa ɗaya ne kacal daga Malaga. Sai dai yanzu coci ne, masu gadi ba sa barin a yi sallah a ciki, ku gaya wa Hajiya tun a hanya kar abin ya zo mata ba zato, don wurin yana taɓa zuciya. Alhambra kuma a sayi tikiti ta intanet tun yanzu, da sunan kowa da lambar fasfo, yana ƙarewa da wuri.

Ɗan Damagaram:
Malam ban ƙi taka ba, amma a duba Yuli ne fa. Ƙurɗuba tana wuce digiri 40 a lokacin, Alhambra kuma yawo ne na awa uku ko fiye da hawa da sauka a kan duwatsu. In dole sai ɗaya to Ƙurɗuba, a tafi da jirgin farko, cikin masallacin shimfiɗe yake kuma da sanyi, a juyo kafin azahar ta yi nisa. Sauran kwanakin a bar Hajiya ta huta a Malaga, a nan ma akwai ranakun da iskar terral ke busowa daga tudu da zafi sosai, ranar kam a zauna a masauki sai yamma a fita Muelle Uno a sha iska a bakin tashar ruwa, hanyar a miƙe take ga kujeru ko'ina. Za kuma ku ga ana tallar Caminito del Rey, siririyar hanya ce a jikin dutse kusan mita 100 sama da kogi, ba a shiga da yaro ƙasa da shekara 8 kuma ba ta Hajiya ba ce sam.

Abu Hanan:
Kai na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Hajiya ta ce Ƙurɗuba kam ko a keken guragu sai ta je, to mun tsaya a kan haka, Granada sai wani jiƙon. Saura abu ɗaya, daga filin jirgi zuwa cikin gari fa?

Maman Ilham:
Akwai jirgin ƙasa C1 a bakin filin, bai fi kwata ba kun shiga gari. Amma ku biyar ga akwatuna ga Hajiya, ku nemi babbar tasi kawai, ku gaya wa mai tsara layi ku biyar ne don ƙananan mutum huɗu suke ɗauka.