Wane darasi leburorin Apapa za su ɗauka daga masu haƙar kwal?

Ɗan Sakkwato, Apapa:
Assalamu alaikum. Abokan aikina a wani sito sun zaɓe ni in wakilce su wajen zama da masu kamfani, saboda kuɗin ƙarin lokaci na wata uku da ba a biya mu ba. Matasanmu suna son a ajiye aiki tun gobe, amma wani dattijo da muke sauke buhuna tare ya kama hannuna ya ce in fara tambayar abin da ya sami masu haƙar kwal na Inugu. Me ya faru da su?

Malam Habu, Agege:
Wa alaikumus salam. Dattijon yana nufin abin da ya auku a mahaƙar Iva Valley da ke Inugu ranar 18 ga Nuwamba, 1949. Ma'aikatan sun fara ne da jan ƙafa a bakin aiki saboda bashin haƙƙinsu, da aka sallami wasunsu kuma sai suka ƙi fita daga mahaƙar. Turawan mulki sun ji tsoron kada nakiyar fasa dutse ta faɗa hannun 'yan gwagwarmaya, suka tura 'yan sanda su kwashe ta, nan aka buɗe wuta, mutum 21 suka mutu, 51 suka jikkata. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, rigima ce ta albashi wadda zama ɗaya na gaskiya zai iya kashewa, amma hukuma ta ɗauke ta tawaye.

Hajiya Binta, Idi-Araba:
Malam ya yi bayani, sai dai ni Ingila zan nuna maka, ɗana. Ƙungiyar mahaƙa ƙarƙashin Arthur Scargill ta yi kusan shekara guda tana yaji, daga Maris 1984 zuwa Maris 1985, ta koma aiki hannu rabbana, domin gwamnatin Margaret Thatcher ta riga ta tara kwal a tashoshin lantarki, kuma yawancin mahaƙan yankin Nottinghamshire ba su shiga ba tunda ba a ba mahaƙan ƙasar baki ɗaya damar kaɗa ƙuri'a kan yajin ba. Ka ƙirga mutanenka tukuna, ka kuma duba ko kamfanin zai iya ɗebo wasu leburori daga bakin titi kafin azahar.

Malam Habu, Agege:
Haka ne, Hajiya. Kada kuma ka manta dokar Najeriya ta sasanta rikicin ƙwadago ta 1976 ta ce ba aiki, ba biya. Duk abin da kuka daddale a rubuta shi, kowane ɓangare ya sa hannu.

Ɗan Sakkwato, Apapa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Daren yau zan tattara takardun awannin kowa, ranar Litinin kuma mu kai buƙatarmu a rubuce.