Likita ya ce Baba ya zubar da maganin gargajiya, yaya zan yi?

Assalamu alaikum. Mahaifina ya haura shekara 70, yana fama da hawan jini da ciwon suga, kuma tun bara yake shan amlodipine na hawan jini da metformin na suga. A gida kuwa ba ya rabuwa da man habbatus-sauda da zuma, da wani jiƙo da ake kawo masa daga cikin birni a gorar da ba ta da ko rubutu. Da na faɗa wa likitan da ke duba shi, ko kai bai ɗago daga katin ba, ya ce a zubar da su duka. Baba bai tanka ba sai da muka kai Kofar Doka, sannan ya ce ba zai koma wurin yaron da ya raina abin da kakanninsa suka sha ba. Ina neman shawararku.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Tudun Wada: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Likitan bai iya magana da manya ba, amma tsoronsa yana da tushe. Ƙodar dattijo ba ta tace magani kamar ta matashi, kuma ta ƙoda metformin yake fita, don haka idan jiƙon nan ya taɓa ta, metformin ɗin zai taru a jikinsa. Zuma ma, ko da ta gaskiya ce, tana ɗaga suga. Abin da ya fi damun likitoci shi ne ba su san abin da ke cikin gorar ba, balle adadinsa. Ka nemi a yi masa gwajin ƙoda, ka kuma kai kwalaben gaba ɗaya wurin mai harhaɗa magunguna ya duba ko suna da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna.

Wani dattijo daga Samaru: Ɗana, kada ka ja da mahaifinka a kan habbatus-sauda, domin ba za ka ci nasara ba. Ka roƙe shi ya ajiye jiƙon kawai har sakamakon gwaji ya fito, kuma ka sa ƙaninsa ko amininsa ya yi masa maganar.

Wata 'yar'uwa daga Sabon Gari: Mu ɓoye wa likita muka yi, sai da sugan Hajiyarmu ya faɗi cikin dare sannan muka faɗi gaskiya. Ka nemi wani likitan mai haƙurin sauraro, akwai su.